Bin Sawun Mataccen Layin Dogo a Ƙafa: Misali daga Hanyar Jirgin Zariya zuwa Bukuru

Tsakure

Wannan muƙala ta yi bayani a kan bin tsohuwar hanyar jirgin ƙasa a ƙafa, a matsayin dabarar tattara bayanai ga mai nazarin tarihi da harshe da al'ada. An ɗauki ƙaramin layin dogon da ya taɓa haɗa Zariya da Jos da Bukuru a matsayin misali, wanda aka kammala shimfiɗa shi a 1914, aka kuma rufe shi a 1957. Muƙalar ta kawo tarihin layin a taƙaice, ta fayyace irin alamomin da dogo yake bari a doron ƙasa da kuma a bakin jama'a bayan an kwashe ƙarafansa, sannan ta nuna yadda ake shirya irin wannan tafiya. Abin da muƙalar ta tsaya a kai shi ne, hanyar jirgi takarda ce da aka rubuta a kan ƙasa, kuma wannan takarda tana gogewa shekara bayan shekara.

1.0 Gabatarwa

Akasarin abin da aka rubuta game da jirgin ƙasa a Nijeriya ta Arewa ya fito ne daga takardun Turawan mulkin mallaka, wato rahotannin shekara-shekara da wasiƙun gwamnoni da lissafin kuɗin shiga. Waɗannan takardu suna da amfani ƙwarai, amma idon ofis ne ya rubuta su. Suna faɗin yawan mil da aka shimfiɗa da nauyin kayan da aka ɗauka, ba kasafai suke faɗin gonar wa aka ratsa ba, ko kuma inda leburori suka kwana. Mai neman irin wannan bayani dole ya bar ɗakin karatu ya je wurin da abin ya faru, domin gani ya kori ji.

Layin da yake aiki ba ya buƙatar a neme shi, ƙarafansa suna nan a fili. Wanda ya mutu kuwa sai an yi masa bin sawu irin na maharbi. A nan ne tafiyar ƙafa take da fifiko a kan mota, saboda hanyar mota tana bin garuruwa ne, ita kuwa hanyar jirgi tana bin shimfiɗar ƙasa, ta ratsa gonaki da fadamu da bayan duwatsu inda mota ba ta zuwa. Muƙalar za ta bi wannan batu ta hanyar duba layi guda, wanda Turawa suka laƙaba wa sunan Bauchi ko da yake bai taɓa isa garin Bauchi ba.

2.0 Taƙaitaccen Tarihin Layin

2.1 Kuza da Matsalar Dako

Tun kafin zuwan Turawa ana haƙar kuza ana narka ta a ƙasar Hausa da maƙwabtanta. Garuruwan Liruwen Kano da Liruwen Delma sun shahara da wannan sana'a, kuma fatake suna kai abin da aka narka kasuwanni masu nisa. Ganin wannan haja a hannun fatake ne ya sa Kamfanin Neja ya tura masu binciken ma'adinai su nemo tushenta a farkon ƙarni na 20. Binciken ya kai su tsaunukan Jos, inda suka kafa sansani a Naraguta. Kafin shekarar 1910 ta ƙare, kamfanonin haƙar kuza daga Ingila sun yi wa yankin ca.

Babbar matsalar kamfanonin ita ce sufuri. Kuza kaya ce mai nauyi, kuma da farko a ka ake ɗaukarta. 'Yan dako sukan yi kwanaki suna tafiya da ita zuwa Loko a bakin kogin Binuwai, inda ake loda ta a jirgin ruwa. Haka kuma duk wani injin da ake buƙata a wurin haƙa sai an kwance shi gunduwa-gunduwa an ɗora wa mutane. Da layin Baro zuwa Kano, wanda aka fara a 1907 zamanin Gwamna Percy Girouard, ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, sai kamfanonin suka matsa wa gwamnati lamba a fitar musu da reshe zuwa filayen kuza.

2.2 Shimfiɗa Layin

Gwamnatin mulkin mallaka ta amince da reshen, amma da sharaɗin a kashe kuɗi kaɗan. Saboda haka aka zaɓi ƙaramin dogo mai faɗin ƙafa 2 da inci 6, wato milimita 762 tsakanin ƙarfe da ƙarfe, alhali babban layin Kano faɗinsa ƙafa 3 da inci 6 ne, wato milimita 1,067. Hatta wasu kayan aikin ba sababbi ba ne. A 1901 Lugga ya sa an shimfiɗa ɗan gajeren layi mai irin wannan faɗi daga Zungeru zuwa Wushishi, daga baya aka ƙara shi zuwa Barijuko a bakin kogin Kaduna. Da babban layi ya iso Zungeru sai wancan ya rasa amfani, aka kwashe kayansa aka yi aiki da su a sabon reshen.

Layin ya tashi daga Zariya ya nufi kudu maso gabas, ya bi ta Soba da Dutsen Wai da Kudaru, ya isa Rahama a 1912. Daga nan aka ci gaba da shi ta Jengre da Naraguta, ya kai Jos da Bukuru a 1914. Tsawonsa gaba ɗaya mil 143 ne, kimanin kilomita 230. An kira shi da sunan Bauchi ne domin a wancan lokaci tsaunukan Jos suna cikin Lardin Bauchi, sai a 1926 aka ƙirƙiro Lardin Filato. Shi kansa garin Bauchi bai ga jirgin ƙasa ba sai a 1961, lokacin da ake shimfiɗa layin Barno wanda ya isa Maiduguri a 1964.

Da hannu aka yi aikin, da diga da shebur da kwando. Tsarin da aka bi wajen samun ma'aikata a wancan zamani shi ne a ɗora wa sarakuna da hakimai nauyin kawo adadin mutane daga ƙasashensu, su yi aiki na wani lokaci a sallame su a kawo wasu. Ana biyan su da kuɗin Turawa, wanda da shi ne kuma ake neman su biya haraji. Masanin tarihi Michael Mason ya yi nazarin wannan tsari a kan aikin dogo na 1907 zuwa 1912, ya kuma kira shi aikin tilas. Ya kamata a tuna cewa shekarun da aka ƙarasa layin zuwa Jos sun zo daidai da fari da yunwar 1913 zuwa 1914, wadda ta addabi ƙasar Hausa.

2.3 Mutuwar Layin

Arhar da aka nema tun farko ita ce ta zama ajalin layin. Tun da faɗinsa ya bambanta da na babban layi, taragonsa ba ya iya hawa hanyar Legas. Duk buhun kuzar da ya iso Zariya sai an sauke shi an sake lodawa, haka ma kayan da za su hau tudu. Ga shi kuma ƙananan kawunan jirgin ba su iya jan kaya mai yawa, ba su kuma da sauri.

A 1927 layin gabas, wanda ya taso daga Fatakwal ya bi ta Inugu, ya fitar da reshe mai cikakken faɗi daga Kafanchan zuwa Jos. Wannan ya ba kuza hanya mafi kusa zuwa teku, ya kuma kawo kwal ɗin Inugu wuraren haƙa kai tsaye. Aka mayar da mil 10 da ke tsakanin Jos da Bukuru zuwa babban faɗi, ƙaramin layin ya tsaya a Jos. Daga wannan shekara ya rasa babban aikin da aka yi shi dominsa, ya koma ɗaukar fasinja da amfanin gona na garuruwan da yake ratsawa. Ya yi shekara 30 a haka, motocin haya suna ƙara cin kasuwarsa, har Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1955, ta rufe shi a 1957. An kwashe ƙarafan, an kuma adana wasu daga cikin kawunan jirgin a harabar gidan tarihi na Jos.

3.0 Alamomin da Dogo Yake Bari a Ƙasa

Wanda zai bi mataccen layi yana buƙatar sanin abu guda game da jirgin ƙasa, shi ne ba ya son hawa. Ƙafarsa ƙarfe ce mai santsi, tana gudu a kan ƙarfe mai santsi, don haka in gangara ta yi tsanani sai ta riƙa zamewa. Wannan ya tilasta wa masu shimfiɗa dogo su daidaita ƙasa kafin su ɗora ƙarfe. Inda aka tarar da kwari sai a cike shi da ƙasa a yi doguwar ganuwa, inda aka tarar da tudu sai a tsaga shi a yi rami mai bango biyu. Ana iya kwashe ƙarfe a sayar, amma ba wanda yake ɗaukar ganuwar ƙasa ya tafi da ita. Ciko da tsagi su ne alamomin da suka fi daɗewa.

Akwai hanyoyin bambance su da abin da ruwa ko noma suka yi. Cikon dogo samansa a baje yake, faɗinsa ɗaya daga farko har ƙarshe, kuma yana tafiya a miƙe ko ya yi lanƙwasa mai faɗi wadda ba ta da kusurwa. Sau da yawa akan ga ramuka a jere a gefensa, inda aka ɗebi ƙasar cikon, waɗanda suke tara ruwa da damina. Inda manoma suka nome hanyar, launin ƙasa ko tsayin shuka yakan bambanta a kan wani siririn layi da ya ratsa gonaki da yawa bai kula da iyakar kowa ba. A wasu wuraren kuma jama'a sukan mayar da cikon turba, saboda ba ya yin taɓo. Turbar da ta miƙe sambal, ba hawa ba gangara, abar tuhuma ce ga mai bincike.

Alama ta biyu tana wurin ruwa. Duk inda layi ya tsallaka rafi sai an yi kwalbati ko gada, kuma ginshiƙan dutse da siminti sukan rage ko da an cire ƙarfen da ke kansu. Idan sawu ya ɓace a cikin gona, dabarar ita ce a nufi rafi na gaba a bi gaɓarsa har a ga ginshiƙi, daga nan a waiwayo a haɗa layin.

Alama ta uku ita ce mazaunin tasha. Jirgin wancan zamani da tururi yake tafiya, yana shan ruwa mai yawa, saboda haka ana kafa tasha ne inda za a sami ruwa, da kuma inda jirage biyu za su kauce wa juna tun da layin ɗaya ne. Buƙatar inji ce take zaɓar wurin kafin buƙatar mutanen gari, shi ya sa tasha takan kasance nesa da tsohon gari. Abin da ake nema a irin wannan wuri shi ne fili mai faɗi da aka baje, da harsashin gini, da gindin tankin ruwa ko rijiya, da itatuwan da aka dasa a jere kamar mangwaro, da baƙar ƙasa mai tokar kwal.

A layin da muke magana a kai, shimfiɗar ƙasa ta raba tafiyar gida biyu. Zariya tana kan tsayin kimanin mita 650 daga teku, Jos kuwa tana kan kimanin mita 1,200. Daga Zariya zuwa Rahama fili ne mai duwatsu jefi-jefi, inda babban aikin shi ne tsallake rafuka da fadamu. Daga yankin Jengre zuwa Naraguta ne ake hawan tsauni, kuma a nan ne ƙaramin faɗi ya yi rana, domin yana iya shan kwana mai tsanani fiye da babban layi. Mai tafiya a ƙafa zai ji wannan bambanci a gwiwarsa, ya kuma gane dalilin da ya sa aka isa Rahama a 1912 amma Jos sai 1914.

Idan aka haɗa waɗannan alamomi aka zana su a taswira, siffar layin da kanta tana ba da shaida. Bakinsa ɗaya yana wurin haƙar ma'adini, ɗayan yana mahaɗar da take kaiwa teku. Garuruwan da ke tsakani sun sami tasha ne saboda sun faɗo a kan hanya. Abin da masana tattalin arziki suke faɗa game da manufar dogon mulkin mallaka, cewa an yi shi ne domin fitar da albarkatu, mai tafiya yana ganinsa a shimfiɗe a gabansa.

4.0 Abin da Ya Rage a Bakin Jama'a

Ga ɗalibin Hausa, rabin amfanin tafiyar yana cikin abin da zai ji. Jirgin ƙasa ya shigo da kalmomi cikin harshen, wasu na aro daga Ingilishi kamar reluwe da tasha da tarago da tikiti da lebura da diga da loko, wasu kuma na gida da aka faɗaɗa ma'anarsu. Kalmar jirgi a da abin hawa na ruwa kawai take nufi, zuwan dogo ne ya sa aka bambance jirgin ruwa da jirgin ƙasa, daga baya aka sami jirgin sama. Ita ma kalmar dogo sifa ce da ta koma suna. Kalmar tasha kuwa ta bar bakin dogo ta koma wurin motoci, har ta haifi ɗan tasha da ma'anar da kowa ya sani.

Irin waɗannan kalmomi sukan maƙale a sunayen wurare bayan abin da ya kawo su ya tafi. Unguwa ko gona ko rijiya da ake dangantawa da tasha ko reluwe ko dogo, a garin da ba a ga jirgi ba tun 1957, shaida ce da ta cancanci a rubuta ta, a kuma tambayi wanda ya raɗa sunan da lokacin da aka raɗa shi. Nazarin sunayen wurare fage ne da aka sani a sassan Hausa na jami'o'inmu, kuma hanyar jirgi tana ba shi zare guda da za a bi daga gari zuwa gari.

Adabi ma ya ɗauki nasa rabon. Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi, wanda ya yi sarauta daga 1903 zuwa 1920, ya rubuta Waƙar Diga a kan aikin shimfiɗa dogo a ƙasarsa, kuma a zamaninsa ne aka fitar da wannan reshe daga Zariya. Waƙar sarki ta tsira domin an rubuta ta. Waƙoƙin da leburori suka yi a bakin aiki, da na 'yan mata masu talla a tasha, da labaran waɗanda aka kai haƙar kuza ta tilas tsakanin 1942 da 1944 lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ba su da wurin ajiya sai ƙwaƙwalwar tsofaffi.

A nan ne lokaci ya ƙure. Yaron da yake da shekara 10 a ranar da aka rufe layin an haife shi a 1947, yau yana dab da shekara 80. Waɗanda suka hau jirgin da hankalinsu, ko suka yi aiki a tashoshinsa, sun girme shi. Bayan su sai 'ya'yan da suka ji a bakin iyaye, kuma kowane hawa na ruwaya yana zubar da wani abu.

5.0 Shirya Tafiyar

Tafiyar tana farawa ne daga takarda. Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna da Gidan Arewa na Jami'ar Ahmadu Bello su ne wuraren neman fayilolin Lardin Zazzau da na Filato da tsofaffin taswirori. Littafin Francis Jaekel mai juzu'i 3 a kan tarihin jirgin ƙasa na Nijeriya, da na Bill Freund na 1981 a kan jari da ƙwadago a haƙar kuza, suna ba da shimfiɗa. Bayan haka sai a gwada tsohuwar taswira da hotunan tauraron ɗan'adam da ake samu a intanet, domin ciko da tsagi sukan fito a hoton sama fiye da yadda ake ganinsu a ƙasa.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan kaka, daga Disamba zuwa Fabrairu, sa'ad da aka kawar da amfanin gona, ciyawa ta bushe, rafuka suka ja baya. Wanda yake cin kilomita 20 a yini zai buƙaci kimanin kwana 12 kafin ya gama kilomita 230, amma mai bincike ba matafiyi ba ne kawai, tsayawarsa ta fi tafiyarsa yawa. Ya fi kyau a yanka layin gunduwa-gunduwa, daga tasha zuwa tasha, a ɗauki kowane yanki a matsayin aiki mai zaman kansa.

Ba a shiga ƙasar mutane sai da sallama. Hanyar ta ratsa ƙananan hukumomin Soba da Kubau da Lere a Jihar Kaduna, da Bassa a Jihar Filato. A kowane gari a fara da gaisuwa wurin hakimi ko dagaci, a bayyana abin da ya kawo mutum, a nemi ɗan jagora. Wannan ladabi ne, kuma kariya ce, domin baƙon da aka gani yana auna gona yana ɗaukar hoto za a zaci ya zo ƙwace fili ne. A kuma nemi shawarar hukuma da mutanen gari game da tsaro kafin a shiga kowane daji, a haƙura da yankin da suka ce a haƙura da shi. Daga yankin Lere zuwa Jos akwai al'ummomi masu harsunansu, kamar Kurama da Amo da Anaguta da Afizere da Birom. Ko da suna jin Hausa, labarin da tsoho zai bayar da harshensa ya fi wanda zai bayar da harshen kasuwa, don haka a tanadi tafinta.

Duk alamar da aka samu a rubuta wurinta da na'urar nuna wuri ta wayar hannu, a ɗauki hotonta tare da abin da zai nuna girmanta, a rubuta sunan da mutanen wurin suke kiranta da shi yadda suka furta. Kada a ɗauke komai daga wurin. Guntun ƙarfe a cikin jakar mai bincike tarkace ne, amma a mazauninsa hujja ne.

6.0 Makomar Matattun Layuka

Wasu ƙasashe sun mayar da irin waɗannan hanyoyi abin amfani. A Ingila, bayan rahoton Beeching na 1963 ya jawo rufe layuka masu yawa, an mayar da wasunsu turbar masu tafiya a ƙafa da masu keke, kamar wadda ta haɗa Bristol da Bath. A Amurka an yi gyaran doka a 1983 wanda ya ba da damar a riƙe filin layin da aka daina amfani da shi a matsayin turba, ba tare da an yanka shi an rabar ba, ko da za a sake buƙatarsa wata rana.

Yanayinmu dabam ne, domin shekarun da suka shuɗe tun 1957 sun isa a ce gonaki da gidaje sun hau wurare da yawa na hanyar, kuma ba adalci ba ne a tashi manomi saboda turbar yawon buɗe ido. Abin da yake iya yiwuwa shi ne a rubuta abin da ya rage, a zana shi a taswira, a kuma gabatar wa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa da 'yan wuraren da suka cancanci kariya, kamar ginshiƙan gada da harsashin tasha. Wannan aiki bai fi ƙarfin sashe guda na jami'a ba, in aka raba wa ɗaliban digiri na biyu yanki-yanki. Darasin ya kuma wuce layi ɗaya, domin reshen Minna zuwa Baro da wasu rassan tsohon dogo sun daɗe ba jirgi, ga shi kuma sababbin layuka irin na Abuja zuwa Kaduna, wanda aka buɗe a 2016, suna da faɗin milimita 1,435 da tsofaffin taragai ba sa iya hawa. Bambancin faɗin da ya kashe layin Zariya zuwa Jos yana iya maimaita kansa.

7.0 Kammalawa

Muƙalar ta nuna cewa layin Zariya zuwa Bukuru an shimfiɗa shi ne domin kuza, an yi shi da ƙaramin faɗi domin tsimin kuɗi, ya kuma rasa aikinsa a 1927 da aka sami hanya mafi sauƙi, kafin a rufe shi a 1957. Ta bayyana cewa bayan kwashe ƙarafa, layi yana barin ciko da tsagi da ginshiƙai da mazaunin tasha a ƙasa, yana kuma barin kalmomi da sunayen wurare da labarai a baki. Alamomin ƙasa garma da zaizaya da gine-gine suna cin su a hankali, na baki kuwa suna tafiya tare da masu su. Saboda haka idan za a fara wannan aiki, hira da tsofaffin Soba da Dutsen Wai da Kudaru da Rahama da Jengre ita ce ta fi gaggawa, awon ciko da gada ya biyo baya.